Yadda injiniyoyi ke tsara hasumiyar da ke raba iskar gas kafin ta zama gas ɗin girki

Gas ɗin da ake ɗurawa a tukunyar girki ba ya fitowa daga ƙarƙashin ƙasa a yadda ake sayar da shi. Abin da rijiyoyin yankin Neja Dalta ke fitarwa cakuɗe ne na iskoki da yawa, 'yan gida ɗaya, waɗanda ido ba ya bambanta su. Sai an raba su kafin kowace ta yi amfani: wata ta tafi tashar samar da lantarki, wata masana'antar roba, wata kuma ɗakin girki. Ingancin wannan rabawa shi ne ke yanke hukunci kan yawan gas ɗin girkin da ƙasa ke samu, da kuma ko tukunyar da aka ajiye a tsakar gida za ta jure zafin bazara.

Nijeriya tana da ajiyar iskar gas da ta haura tiriliyan 200 a ma'aunin kubik fit, kuma a watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa iskar gas. Ana yawan jin labarin bututu da jiragen ruwa da farashi. Ba kasafai ake jin labarin dogayen hasumiyoyin ƙarfe da ke tsaye a tsibirin Bonny da Escravos da Lekki ba, alhali a cikinsu ake yin ainihin aikin.

Waɗannan iskoki duk daga sinadarai biyu aka gina su, kabon da haidurojin. Bambancinsu yana cikin yawan kabon da kowace ƙwaya ke ɗauke da shi. Mitan tana da ɗaya, itan biyu, furofen uku, biyuten huɗu, fenten biyar. Gwargwadon ƙaruwar kabon, gwargwadon nauyin ƙwayar da jinkirinta wajen tashi ta zama turiri. A matsin iskar da muke shaƙa, mitan na tafasa a digiri 162 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos, itan a 89 ƙasa da sifili, furofen a 42 ƙasa da sifili. Biyuten iri biyu ce, ɗaya tana tafasa a 12 ƙasa da sifili, ɗayar kuma dab da sifili. Fenten ce ta fara zama ruwa a yanayin ɗaki, domin sai zafi ya kai digiri 36 take tafasa, wanda a Sakkwato cikin watan Afrilu ba wani abin a zo a gani ba ne. Gas ɗin girki shi ne biyuten da furofen, ko dai ɗaya daga cikinsu ko gaurayensu.

Dabarar raba su tsohuwa ce. Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunyar miya ya ga ɗigon ruwa fari tas a jikinsa, babu gishiri babu daddawa, ya ga tushenta: abin da ya fi saurin tafasa shi ke fara tashi, idan ya sanyaya ya koma ruwa sai a same shi ya fi tsabta. Masana na zamanin daular Abbasiyya sun yi aiki da wannan hikima, har Abubakar al-Razi ya bayyana yadda ake tace ɗanyen mai da ita fiye da shekara dubu da suka wuce. Sai dai gishiri ba ya tashi ko kaɗan, shi ya sa tafasa ɗaya ta isa. Furofen da biyuten kuwa dukkansu suna tashi, ɗaya dai ta fi ɗaya hanzari. Turirin da aka samu a tafasa ɗaya zai fi yawan furofen, amma da biyuten a ciki. Dole a sake sanyaya shi, a sake tafasawa, a yi ta maimaitawa.

Hasumiyar tacewa hanya ce ta yin wannan maimaici sau da yawa a cikin mazubi ɗaya ba tare da tsayawa ba. A cikinta an jera farantai masu huda-huda, hawa bisa hawa, kamar a ce an ɗora madambaci talatin ko arba'in a kan juna. A gindinta akwai na'urar dumama da ke tafasa ruwan da ya sauko, a samanta kuma na'urar sanyaya da ke mayar da turiri ruwa. Turiri yana hawa ta hudojin, ruwa yana gangarowa daga faranti zuwa faranti, a kan kowane faranti su gauraya su yi musaya: turirin ya sauke masu nauyinsa cikin ruwa, ruwan ya miƙa masa marasa nauyinsa. Ana ɗura cakuɗen ne a wajen tsakiya. Marar nauyi ya fita ta sama, mai nauyi ya fita ta ƙasa. Kuma ba duk abin da aka sanyaya a sama ake kwashewa ba. Ana mayar da wani kaso cikin hasumiyar domin ya wanke turirin da ke tasowa. Wannan ruwan komayya, kamar yadda za a gani, shi ne inda kuɗi ke shiga da fita.

Mai tsara irin wannan hasumiya ba da zanen ƙarfe yake farawa ba. Tambayoyi biyu yake fara amsawa: me ke shigowa, me kuma mai saye yake so? Ana kai samfurin gas ɗakin gwaji a gano kason kowace iska. Sannan a duba ƙa'idar kaya: nawa ne iyakar itan da aka yarda ta saura cikin furofen, nawa ne iyakar fenten cikin biyuten. Waɗannan iyakoki ba ado ba ne. A zafin digiri 40, biyuten da ke cikin tukunya tana matsa bangon ƙarfen da kusan ninki 4 na matsin iskar da ke kewaye da mu, furofen kuwa da kusan ninki 14. Itan ta fi su duka nesa ba kusa ba. Idan ta yi yawa cikin gas ɗin girki, tukunya da bututun roba da makunnin da aka ƙera domin matsi kaɗan za su ɗauki nauyin da ba nasu ba. Idan kuma fenten ce ta yi yawa, ba za ta tashi yadda ya kamata ba, sai ta kwanta a gindin tukunya, mai gida ya biya kuɗin kilon da ba zai dafa komai da shi ba.

Kafin gas ya kusanci hasumiya sai an yi masa wanka. Ana cire iskar kabon dayokzaid da ta farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yawanci da sinadarin amin. Ana busar da shi sarai, domin ɗigon ruwa a cikin tsananin sanyi da matsi yana haɗuwa da gas ya zama ƙanƙara ya toshe bututu. Ana kuma cire zaiba komai ƙanƙantarta, saboda tana cin alminiyon da ake ƙera na'urorin musayar sanyi da shi.

Daga nan sai tambayar jeri. Hasumiya ta yau da kullum kashi biyu kawai take raba abu, don haka mai son kaya biyar, wato mitan da itan da furofen da biyuten da sauran masu nauyi, yana buƙatar hasumiya huɗu. Ana iya jera waɗannan huɗun ta hanyoyi 14 daban-daban. Idan aka ce a raba biyuten gida biyu, kaya suka zama shida, hanyoyin sun zama 42. A aikace masana'antun gas sun fi bin hanya ɗaya: a fara fitar da mafi rashin nauyi, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Hasumiyar farko ta cire mitan, ta biyu itan, ta uku furofen, ta huɗu biyuten, abin da ya rage ya tafi a matsayin ruwan mai mai kama da fetur. Dalilin a fili yake. Mitan ce mafi yawa, ita ce kuma ke buƙatar sanyi mafi tsada. Idan aka sallame ta tun farko, sauran hasumiyoyin sai su zama ƙanana, kuma ruwan yana gangarawa da kansa daga mai babban matsi zuwa mai ƙarami ba tare da famfo a kowane mataki ba.

Zaɓen matsi shi ne inda gwanintar mai tsarawa ke bayyana, kuma a nan ne yanayin ƙasa ke sa baki. Ka'idar ita ce a ɗaga matsin hasumiya har turirin da ke fita ta sama ya iya komawa ruwa da abin sanyaya mafi araha, wato ruwan kogi ko iskar fanka. Furofen na komawa ruwa a digiri 50 idan matsi ya kai kusan ninki 17 na matsin iska, shi ya sa hasumiyar furofen ke aiki a wannan kewaye, gindinta kuma yana haura digiri 100. Hasumiyar biyuten ba ta buƙatar fiye da ninki 5 zuwa 7. To amma a ɗauka za a gina masana'antar ce a inda iska ke kai digiri 45 da rana. Fanka ba za ta iya sanyaya turirin ƙasa da digiri 60 ko kusa da haka ba, kuma a wannan zafin furofen na neman matsi fiye da ninki 20. Bangon hasumiya sai ya ƙara kauri, kuɗin ƙarfe ya ƙaru. Wani abin kuma, gwargwadon hawan matsi, gwargwadon yadda tazarar da ke tsakanin iskokin ke raguwa, rabuwarsu ta ƙara wuya. Saboda haka zanen da ya yi aiki a gaɓar teku ko a ƙasar sanyi ba a kwafo shi haka nan a kafa a Kano.

Itan da mitan ba su shiga wannan sauƙin. Kowace iska tana da iyakar zafin da idan an wuce shi, ko wane irin matsi aka yi mata ba za ta koma ruwa ba. Na itan digiri 32 ne, na mitan kuwa kusan 83 ƙasa da sifili. Don haka kan hasumiyar itan sai da na'urar sanyi irin ta firiji, wadda sau da yawa furofen ɗin da masana'antar ta tace ne ke zagayawa a cikinta. Hasumiyar mitan kuwa ana samar mata da sanyi ta hanyar sakin gas mai babban matsi ya juya injin fanka, ya yi asarar ƙarfinsa, zafinsa ya faɗi zuwa wajen digiri 100 ƙasa da sifili. Ƙarfen da ake ƙera tankin mai da shi yana tsagewa kamar gilashi a irin wannan sanyi, sai an nemi bakin ƙarfe marar tsatsa ko alminiyon.

Sai tambayar da kowa ke yi idan ya ga hasumiya: me ya sa take da wannan tsawo? Amsar tana cikin wani lissafi mai sauƙi da Merrell Fenske na Amurka ya wallafa a 1932. A ɗauki furofen da biyuten mafi rashin nauyi. A matsin da ake aiki da shi, furofen ta fi ta saurin tashi da kusan ninki 2, ma'ana kowane cikakken faranti yana ninka rinjayen furofen sau biyu. A ce, domin misali, ana son a sama a sami furofen 99 a kan biyuten 1, a ƙasa kuma furofen 1 a kan biyuten 99. Daga gindi zuwa sama rinjayen zai ƙaru sau 99 sau 99, wato 9,801. Idan aka ninka biyu sau 13 ana samun 8,192, bai kai ba. Sau 14 ya ba da 16,384, ya wuce. Ke nan ana buƙatar faranti kusan 14.

Sai dai wannan adadi na hasumiyar da ba ta fitar da kaya ba ne, wadda ake mayar mata da duk abin da ya fito ta sama. A ɗaya gefen kuma akwai mafi ƙarancin ruwan komayya da zai iya yin aikin, wanda A. J. V. Underwood na Ingila ya ba da hanyar lissafa shi a shekarun 1940, amma shi kuma sai da farantai marasa iyaka. Babu mai gina ko ɗaya daga cikin biyun. Tsakaninsu ake neman matsaya, kuma tun 1940 Edwin Gilliland ya tattara bayanan da ke nuna alaƙar yawan faranti da yawan komayya. Ƙara komayya yana rage tsawon hasumiya, amma duk ɗigon da aka mayar sai an sake tafasa shi an sake sanyaya shi, dare da rana, har tsawon rayuwar masana'anta, kuma yawan turirin zai sa a faɗaɗa cikin hasumiyar. Rage komayya yana rage kuɗin wuta, ya ƙara kuɗin ƙarfe. Ƙarfe sau ɗaya ake saye, makamashi kullum ne. Abin da aka saba shi ne a ɗora kashi 10 zuwa 50 cikin ɗari a kan mafi ƙarancin komayya, wanda ke kai yawan faranti zuwa kusan ninki biyu na lissafin Fenske.

A misalinmu 14 ta zama 28. Faranti na gaske kuma ba ya kai cikakke, domin ruwa da turiri ba su daɗe tare har su gama musaya ba. Idan ingancinsa kashi 80 ne cikin ɗari, ana buƙatar 35. Tazarar da aka saba bari tsakanin faranti da faranti santimita 60 ce, wato mita 21 ke nan, kafin a ƙara sararin sama da wurin taruwar ruwa a gindi da ƙafar da hasumiyar ke tsaye a kai.

Wannan mai sauƙi ne. Matatun mai masu sashen farfasa mai nauyi, irin matatar Dangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, suna samar da wata iska mai suna furofilin, wadda da ita ake yin robar buhu da kujeru da bokitai. Furofilin na tafasa a kusan digiri 48 ƙasa da sifili, tazarar digiri 6 kacal tsakaninta da furofen, kuma saurin tashinta bai wuce na furofen da fiye da ɗaya cikin goma ko ɗan sama da haka ba. Idan aka maimaita lissafin ɗazu da 1.1 a madadin 2, mafi ƙarancin faranti ya tashi daga 14 zuwa 97. Shi ya sa hasumiyar raba waɗannan biyun ke ɗaukar faranti 150 zuwa 200, wani lokaci a raba ta gida biyu saboda tsawo, kuma a mayar da kashi goma ko fiye domin a kwashi kashi ɗaya. Masu yin roba suna neman tsabtar kashi 99.5 cikin ɗari, ba su kuma yin ragi.

Faɗin hasumiya kuwa yawan turiri ne ke ƙayyade shi. Idan turirin ya yi gudu fiye da kima, yana hana ruwa sauka, ya ɗauke shi sama, hasumiya ta cika ta shaƙe. Idan ya yi sanyin jiki, ruwa ya zube ta hudojin ba tare da musaya ba. Ana tsarawa ne a yi aiki a kusan kashi 80 cikin ɗari na gudun da ke kawo shaƙewa. Wannan batu yana da muhimmanci a Nijeriya fiye da yadda ake zato, domin masana'antar da fasa bututu ko ƙarancin gas ya sa take samun rabin abin da aka tsara mata tana iya faɗawa ƙasa da iyakar da farantanta ke aiki. Mai tsarawa da ya san ƙasar zai zaɓi farantai masu murafun da ke buɗewa da rufewa gwargwadon ƙarfin turiri, ko da sun fi masu huda zalla tsada.

A yau kwamfuta ce ke yin cikakken lissafin, faranti bayan faranti, da manhajoji irin su Aspen HYSYS, bisa ƙa'idojin hasashen halin iska kamar wadda Peng da Robinson suka fitar a Kanada a 1976. Duk da haka ana ci gaba da koya wa ɗaliban injiniyancin sinadarai, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da sauran wurare, zanen hannu da McCabe da Thiele suka ƙirƙiro a 1925, kuma daidai ne a ci gaba. Kwamfuta tana amsa duk abin da aka tambaye ta, har da tambayar da aka gina a kan samfurin gas na kuskure. Wanda ya iya lissafin hannu shi ne zai ga amsa ya ce wannan ba za ta yiwu ba.

Akwai kuma batun rai. Hasumiya ɗaya tana riƙe da tan-tan na ruwa mai kama wuta a ƙarƙashin matsi, kuma turirin furofen da biyuten ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse, yana bin ƙasa ne yana neman kwari da magudana har ya iske tartsatsi. A ranar 23 ga Maris, 2005, a matatar BP da ke Texas City a Amurka, an ci gaba da ɗura ruwan mai a wata hasumiyar raba mai marar nauyi yayin tayar da ita, alhali na'urar auna ruwa tana nuna abin da ba shi ne ba. Hasumiyar ta cika ta tumbatsa, man ya yi ambaliya ta wani mazubin da bakinsa ke buɗe ga sarari, ya kama wuta. Mutum 15 suka mutu, kimanin 180 suka ji rauni. Na'urorin auna ruwa masu zaman kansu, da bawul ɗin sakin matsi, da bututun da ke kai abin da aka saki zuwa wurin ƙonawa mai nisa, duk cikin tsarin suke tun daga takardar farko. Rigakafi ya fi magani, a nan ma ya fi araha.

A Bonny, kamfanin NLNG da ya fara fitar da kaya a watan Oktoba na 1999 yana sanyaya mitan har ta zama ruwa, girmanta ya ragu sau 600, domin a loda ta a jirgi. Dole ne ya fara cire masu nauyi, domin wasunsu suna daskarewa a wannan sanyi su toshe na'ura. Daga abin da aka cire ɗin ne ake tace furofen da biyuten, kuma tun 2007 kamfanin ke ba kasuwar cikin gida gas ɗin girki. A Eleme ta jihar Ribas, irin waɗannan ruwayen gas ne masana'antar Indorama ke farfasawa ta sami itilin da furofilin. Gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai shi ya fi wadatar furofen da biyuten, kuma shi ne wanda aka ci gaba da ƙonawa a filayen haƙar mai duk da tsohuwar dokar 1979 da ta hana yin haka daga farkon 1984 sai da izinin minista. Filin da ke ƙona gas sau da yawa ƙarami ne, yana nesa da bututu, kuma kason iskokinsa yana sauyawa yayin da rijiya ke tsufa. Hasumiyar da za ta yi aiki a irin wannan wuri sai an tsara ta da ƙofofin ɗura fiye da ɗaya a hawa daban-daban, da rarar ƙarfin dumama da sanyaya, domin gas ɗin da za ta tace bayan shekara goma ba zai zama irin wanda aka kai ɗakin gwaji ranar farko ba.